Babur na zubar da fetur, kuma kawuna ne makaniken

Assalamu alaikum. Ina da babur mai kabureta wanda da shi nake zuwa aiki da sauran hidimomin gida. A watannin baya ya fara zubar da fetur ta wani siririn tiyo da ke ƙarƙashin kaburetar idan na ajiye shi, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, kuma da ƙyar yake tashi idan ya yi zafi. Mai gyara mini shi kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe a sana'ar kuma ba ya karɓar kuɗin aiki a hannuna. Ya wanke kaburetar, abin ya lafa na ɗan lokaci sannan ya dawo. Ya sauya allura, nan ma bai ɗore ba. Daga baya ya ce ya rage fulot. Zubar ta ragu ƙwarai, amma yanzu idan na ɗauki hanya na buɗe wuta sai babur ya riƙa shaƙewa har ya mutu, sai na ɗan jira kafin ya tashi. Wani abokina ya ce aikin ya fi ƙarfin kawu, in sayi sabuwar kabureta in kai wa wani. Maiɗakina kuma tana ƙorafin warin fetur, domin a cikin gida babur ɗin ke kwana. Ina jin nauyin kawu, ba na so ya ga kamar na raina aikinsa, amma gaskiya na gaji. Ina neman shawara.

Daga wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka da natsuwa, kuma na ga nauyin da ke kanka: abin hawan da kake dogaro da shi ya ƙi zama lafiya, mutumin da ya kamata ka kai wa kuka kuma shi ne wanda ba ka iya ɗaga ido ka kalla. Kafin mu shiga maganar kawu da ta kabureta, zan fara da maganar maiɗakinka, domin ita ce mafi gaggawa kuma tana da gaskiya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a ƙasa ya bazu, kuma tartsatsi ɗaya daga murhu ko soket ko ashana ya isa ya tayar da gobara. Tun daga yau ka rufe famfon mai da ke gindin tanki duk lokacin da ka kashe babur, kuma ka nema masa wurin kwana mai iska, nesa da wuta da ɗakin barci. Idan famfon naka irin wanda injin ke buɗewa da zuƙar iska ne, ka tabbatar ba a bar shi a kan alamar PRI ba, domin a nan mai yana gudana ko da inji a kashe yake.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba wanda nake so ka duba kafin ka sake tayar da injin. Fetur ɗin da ya cika kabureta ba duka ke fita ta tiyon ƙasa ba. Wani yakan gangara cikin silinda, ya sulale ta gefen fistan ya gauraya da baƙin mai. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka sansana. Idan yana warin fetur, ko ya tsinke, ko ka ga ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, to a juye shi a zuba sabo, saboda baƙin man da fetur ya tsinka ba ya kare ƙarafan inji daga cin juna. Idan kuma wata safiya ka taka kik ka ji ya cije, kada ka tilasta shi, a cire fulogi tukuna a ga ko mai ne ya taru a silinda.

Abin da ke faruwa a cikin kaburetar ba shi da wuyar ganewa, kuma fahimtarsa za ta sauƙaƙa maka magana da kawu. A ƙasanta akwai kofi da mai ke taruwa a ciki. A kan man akwai fulot yana yawo, kuma a jikin fulot ɗin akwai ɗan harshe da ke tura allura cikin mazauninta. Mai ya hau, fulot ya tashi, allura ta toshe hanya. Inji ya sha, fulot ya sauka, hanya ta buɗe, kamar dai yadda tankin ruwa mai fulot ke tsayar da kansa idan ya cika. Tsarin nan ya daɗe, tun kaburetar da Wilhelm Maybach ya ƙera a 1893 ake tafiya a kansa, kuma dalilin ɗorewarsa shi ne jet, wato 'yar ƙaramar kafar da ke auna man da ke shiga inji, ba ya aiki daidai sai man da ke kofin ya tsaya a tsayi guda. Injin fetur yana ƙona mai sarai ne idan ya samu kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai ta fuskar nauyi. Idan man kofin ya hau fiye da kima, iskar da ke wucewa ta maƙogwaron kabureta takan jawo shi cikin sauƙi, mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya da wahalar tashi da zafi. Idan ya yi ƙasa, iska ta rinjayi mai, sai inji ya riƙa shaƙewa, ya yi zafi fiye da yadda ya saba, ya mutu a lokacin da ya fi bukatar mai. Bambancin milimita biyu ko uku kawai yana iya kawo wannan sauyin.

Idan ka ɗora labarinka a kan wannan bayani, za ka ga kowane mataki ya bar shaida. Alamun farko duk na cikar kofi ne. Kawu ya wanke, abin ya lafa, sannan ya dawo, kuma wannan lafawar ita ce babbar shaidar da ke cikin wasiƙarka. Da fulot ne ya huje, ko da jikin kaburetar ne ya tsage, wanki ba zai kawo sauƙi ko na yini ɗaya ba. Abin da wanki ke kawarwa datti ne, kuma dattin da ya dawo bayan an wanke daga wani wuri yake zuwa. Ɓarɓashin tsatsa da ido ba ya ko gani sosai, idan ya maƙale tsakanin bakin allura da mazauninta, ya isa ya hana ta rufewa. Sabuwar allura ma ba za ta rufe a kan tsatsa ba. Saboda haka zatona mafi ƙarfi shi ne tushen matsalar yana sama da kaburetar: tankin da ya yi tsatsa daga ciki, ko 'yar ragar tace mai da ke kan famfon tanki ta yage, ko tsohon tiyon da robarsa ke marmashewa ta ciki tana bin mai.

Rage fulot da aka yi a ƙarshe shi ne ya kawo halin da kake ciki yanzu na an gudu ba a tsira ba. Idan aka lanƙwasa harshen don allura ta rufe da wuri, fulot yana samun damar nutsewa sosai ya danna allurar da ƙarfi kafin mai ya kai bakin bututun ambaliya, shi ya sa zubar ta ragu. Amma man da ke kofin ya zama kaɗan, idan ka buɗe wuta a kan hanya inji yana shanye shi da sauri fiye da yadda yake shigowa, sai ya mutu, kuma jiran da kake yi lokaci ne da kofin ke sake cika. Sai dai ba zan ɗora wa fulot laifin duka ba tun ba a auna ba, domin dattin da ke hana allura rufewa yana iya toshe ragar tanki ya rage gudun mai, kuma toshewar 'yar kafar iska da ke murfin tanki tana ba da alama iri ɗaya. Wannan ta ƙarshe gwajinta ba ya cin komai: idan babur ya sake mutuwa a hanya, ka gangara gefe ka buɗe murfin tankin, in ka ji ya ja iska kuma injin ya tashi ba tare da dogon jira ba, to murfin ne.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada a sake taɓa komai a kaburetar nan sai an ga tsayin man da ido, kuma ana iya ganinsa ba tare da an kwance ta ba. Ka nemi siririn tiyo garai-garai wanda ake hango abin da ke cikinsa. A kafa babur a tsaye sak a wuri mai daidai, a cire tiyon da ke gindin kofin a sa wannan a madadinsa, a lanƙwaso shi sama a jingina da jikin kaburetar, bakinsa a buɗe kuma sama da kofin. A buɗe famfon tanki, a sassauta sukurun da ake zubar da man kofi da shi. Mai zai hau tiyon ya tsaya daidai inda na cikin kofin ya tsaya. A ɗan ƙyasta tiyon don kumfar iska ta fita, kuma kada a sauke shi ƙasa a sake ɗagawa, domin man da ya shiga tiyon zai koma kofin ya nuna tsayin da ya wuce na gaskiya. Ana kwatanta tsayin ne da layin da kofin ya haɗu da jikin kabureta, kuma a yawancin babura yana kusa da wannan layi da 'yan milimitoci, amma adadin da ya dace da naka yana cikin littafin gyaran samfurin, ko a bayanan kamfanin da ya ƙera kaburetar, kamar Keihin ko Mikuni.

Kada a yi gaggawar cire tiyon. A bar shi na wasu mintoci ana kallo, domin yadda man ke motsi ya fi inda ya fara tsayawa bayani. Idan yana hawa a hankali ba ya tsayawa, to allura ba ta rufewa, ko kuma mai yana zagaye ta. A kaburetocin da mazaunin allura ke shiga da zoben roba, zoben kan bushe ya tsuke, mai ya riƙa sulalewa ta gefensa ko da allurar sabuwa ce fil, kuma wannan wuri ne da ƙwararru ma kan tsallake. Idan ya tsaya cak amma can ƙasa, to harshen fulot ne aka rage da yawa. Idan ya tsaya a inda ya dace amma bayan an ɗaure sukuru har yanzu tiyon ƙasa yana ɗiga, to a duba siririn bututun tagulla na ambaliya da ke tsaye cikin kofin, domin yakan tsage a tsaye ya riƙa yoyo daga ƙasa, ko kuma sukurun zubarwar ne ba ya zama da kyau. Daga nan a tayar da inji a ɗan ba shi wuta ana kallon tiyon: idan man ya faɗi kuma ya yi jinkirin dawowa, to hanyar shigowarsa ce ta ƙuntata.

Gwaji na biyu shi ne a zare tiyon mai daga kabureta a karkata shi cikin kwalba mai haske, a buɗe famfo. Ya kamata mai ya zubo da kauri ba tare da yankewa ba. A ajiye kwalbar ta natsu a duba gindinta. Jan gari ko baƙin ɓarɓashi yana nufin tsatsa ko roba, dunƙulen da ke birgima a ƙasa kuma ruwa ne, domin ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba ya gauraya da shi. Idan aka ga haka, sai a sauke tanki a wanke shi sosai, a gyara ko a sauya ragar famfo, a sa sabon tiyo, a ƙara 'yar filta a tsakani, irin wadda aka yi domin man da ke gangarowa da kansa, saboda wasu filtocin mota suna rage gudun mai idan babu famfon da ke turawa. Duk wannan aiki a yi shi a fili, inji a sanyaye, babu mai shan taba a kusa.

Sai bayan an gama da tanki ne buɗe kofin zai yi amfani. A duba bakin allura a cikin haske, in akwai zobe da ya zaizaye a jikinsa to ta gama aiki, kuma ɗan tsinken da ke bayanta mai sifirin ya kamata ya shiga ya fito ba tare da maƙalewa ba. A goge mazaunin da auduga, kada a kai masa waya ko ƙusa. A girgiza fulot kusa da kunne, in an ji motsin ruwa a ciki to ya huje. Na tagulla ana nutsa shi cikin ruwan zafi, nesa da wuta, kumfa za ta nuna inda hujin yake. A tabbatar yana lilo a kan fil ɗinsa ba tare da gogar bangon kofi ko fakin da ke hana yoyo tsakanin kofin da jikin kabureta ba. Wajen auna tsayinsa, ana karkata kaburetar ne har harshen ya taɓa tsinken allura kawai ba tare da ya danne sifirin ba, sannan a auna daga bakin da fakin ke zama zuwa ƙololuwar fulot. A nan mutane da yawa ke rikicewa, domin kaburetar a kife take: adadin da ya fi girma yana nufin mai zai yi ƙasa a kofi, ƙarami kuma yana nufin zai hau. Harshen kaɗai ake lanƙwasawa, kaɗan-kaɗan, ana sake aunawa, kuma idan fulot ɗin roba ne gaba ɗaya har da harshensa, ba a saita shi, sauya shi ake yi. Kada kuma a hura iskar kwamfuresa cikin kaburetar da ke haɗe, domin tana iya murƙushe fulot ko ta lalata allura.

Game da shawarar abokinka, na san don ya ga ka huta ya faɗa, amma ban goyi bayanta ba a wannan mataki. Sabuwar kabureta da aka ɗaura ƙarƙashin tanki mai tsatsa za ta fara zuba kamar tsohuwar, ka yi asarar kuɗi kuma ka ɓata da kawu a banza. Bayan haka, jabun kaburetoci da yawa suna zuwa da jet ɗin da bai dace da injin ba, sai an sake zaman saiti. Sauyawa tana da hujja idan an tarar jikin kaburetar ya tsage, ko mazaunin allura irin wanda aka dasa ne ba ya cirewa kuma ya zaizaye, ko hasumiyar da fil ɗin fulot ke shiga ta karye. Ban da waɗannan, kaburetar asali da aka gyara da kyau ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba.

Maganar cewa aikin ya fi ƙarfin kawu kuwa, wasiƙarka ba ta nuna haka ba. Wanki da sauya allura su ne matakan da kowane makanike mai hankali zai fara da su, kuma a jere ya bi su. Inda nake ganin an samu gibi shi ne ba a waiwayi tanki ba, kuma da alama da ido aka rage fulot ba da ma'auni ba. Ka yi la'akari kuma da yanayin aikin kyauta. Mai gareji yakan saƙala shi ne tsakanin ayyukan masu biya, sauke tanki da wanke shi kuwa aiki ne mai cin lokaci, kai kuma kunya ta hana ka faɗa masa dukan abin da ke faruwa. Mai yiwuwa har yanzu bai san babur yana mutuwa a hanya ba, ko bai san yawan yadda abin ke damunka ba. Shirun da kake yi don girmama shi yana hana shi bayanin da yake bukata don ya gama aikin.

Shawarata ita ce ka sayi tiyon gwajin da sabon tiyon mai da filta da kuɗinka, ka je wurinsa a lokacin da gareji ba cunkoso, ka gaishe shi yadda ka saba, sannan ka ba shi labarin alamun kamar yadda ka ba ni, ba tare da ka yanke hukunci ba. Kana iya cewa: "Kawu, zubar ta ragu, Allah ya saka da alheri, amma yanzu yana mutuwa idan na ɗauki hanya. Na ji an ce tanki kan jawo irin wannan, ko za a taimaka a duba mini shi, a kuma gwada tsayin man da wannan tiyon in ga yadda ake yi?" Dattijon da ya ƙware a sana'a ba kasafai yake ƙin ɗan da ya zo neman koyo ba, kuma kwalbar da tsatsa ta kwanta a gindinta za ta yi maganar da kai ba za ka iya yi ba. Ka nuna masa cewa ka shirya barin babur ɗin ya kwana idan aikin na bukatar haka, kuma tun da ba ya karɓar kuɗi a hannunka, ka ɗauki nauyin kayan gyara duka, ka kuma sallami yaran da za su sauke tankin.

Idan kuma ya nuna ba shi da lokaci, ko ya tsaya a kan cewa babu abin da ya rage, kana da damar kai babur wani wuri, domin lafiyarka da ta iyalinka ce ke cikin haɗari. Abin da zan roƙe ka shi ne ya ji daga bakinka kafin ya ji daga bakin wani. Ka ce masa kana so a wanke tankin a wurin masu wannan aiki, ka nemi ya nuna maka wanda ya amince da shi. Ta haka shawararsa tana cikin gyaran ko da hannun wani ne ya yi. Wanda duk ka kai wa, ka faɗa masa an taɓa harshen fulot, don kada ya ɗauka saitin kamfani ne ya shiga sauya jet yana neman gyara abin da ba a nan yake ba.

Kafin a kammala gyaran, ka guji buɗe wuta sosai da doguwar tafiya, domin injin da mai ya yi wa kaɗan yana zafi har ya iya ƙona bawul ko fistan, kuma mutuwar babur a daidai lokacin da kake wuce wata mota haɗari ne babba. Bayan an gyara, ka sa sabon fulogi ka yi tafiya mai ɗan nisa, sannan a cire shi a duba bakinsa: ruwan ƙasa mai haske shi ake nema, baƙi mai kunkunniya yana nufin man ya yi yawa har yanzu, fari tas kuma yana nufin ya yi kaɗan. Ka riƙa leƙa filtar nan a makonnin farko, in ta fara tara jan gari to tankin bai gama fita ba, sai a sake wanke shi ko a shafe cikinsa da maganin hana tsatsa kafin dattin ya sake kai wa ga allura.